Wa Ke Auna Ruwan Boɗinga da Shagari?

Wanda ya taso daga Sakkwato ya nufi Jega zai ratsa ƙasar Boɗinga da Sifawa, ya wuce ta Shagari kafin ya kai Tambuwal. A tsakanin nan motarsa za ta taka kwalbatoci da ƙananan gadoji masu yawa ba tare da ya lura ba. Da rani ba abin da ke ƙarƙashinsu sai yashi da awaki masu neman inuwa. Amma kowane ɗaya daga cikinsu, kafin a zuba kankarensa, sai da wani ya zauna ya amsa tambayar da ba mahalukin da ya san amsarta tabbas: ruwa nawa ne zai bi ta nan ranar da sama ta fi zubarwa? In ya ƙaranta bakin kwalbatin, wata damina ruwa ya haura titi ya cinye shi. In ya faɗaɗa shi fiye da kima, kuɗin da za a yi wa wani ƙauye nasa kwalbatin sun tafi a banza. Yadda ake yanke shawara tsakanin waɗannan biyu, da hujja ba da ka ba, shi ne ilimin ƙididdiga da lissafin yiwuwa.

Ana koya wa kowane ɗalibin injiniya wannan darasi, a jami'a da kwalejin fasaha, galibi a shekara ta biyu ko ta uku. A iya sanina kuma, shi ne darasin da yaranmu suka fi ɗauka a matsayin kayan da aka ɗora musu. A haddace, a ci jarrabawa, a wuce. Ƙarfin rodi da zanen bene da injin da ke juyi, su ne aikin injiniya a idonsu. Ni kuwa da na waiwayi yadda sha'anin ruwa da gini ya sauya a wannan yanki namu, daga zamanin kakanni zuwa yau, sai na ga babu darasin da muke buƙata kamarsa, babu kuma wanda muka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Kafin ma'aunin ruwan sama na Turawa ya iso, mutanen nan ba a duhu suke ba. Shehu Usmanu ya zauna Sifawa har zuwa 1815, ƙanensa Malam Abdullahi yana Boɗinga, kuma a zaurukan malamai irin na wancan zamani ana koyon hisabi domin rabon gado, ana kuma koyon lissafin taurari 28 da aka raba kwanakin shekara a kansu, kusan kowane da kwana 13. Da wannan lissafi malami ke gaya wa manomi cewa ruwan da ya sauka jiya na yaudara ne, ya dakata, ko kuwa lokacin shuka ya yi. Manomin shi ma yana da nasa. Yana haɗa gero da dawa da wake a gona guda, don in ruwa ya ɗauke da wuri gero ya tsira, in ya daɗe dawa ta biya. Yana riƙe gonar tudu da ta fadama, saboda shekarar da ta kashe ɗaya ita ce ke raya ɗayar. In zai yi binne ba ya zuba irinsa duka a ƙasa, sai ya rage wanda zai sake shukawa idan na farko ya ƙone. Magidanci mai hankali kuwa ba ya buɗe tsohon rumbu don an ga damina ta yi kyau. Duk wannan tsari ne na mutanen da suka san shekaru ba ɗaya suke ba, suka kuma san kusan sau nawa mummunar ke zuwa, ko da ba su rubuta lamba ba.

Ajiyar bayanansu a ka take. Tsoho zai nuna maka jikin wata tsamiya ya ce, “Ɗana, shekarar da aka haifi ubanka ruwa ya kawo nan.” Zai lissafa maka yunwar da ya ji a bakin iyayensa, irin ta 1913 zuwa 1914, da waɗanda ya gani da idonsa, ta 1973 da ta 1984. In ka tashi kafa gida a inda bai kamata ba, ya ce maka ruwa ba shi barin hanyatai. Ina girmama wannan ilimi, amma ba zan ɓoye iyakarsa ba. Zuciya tana riƙe shekarar tashin hankali, ta saki shekaru goma na lafiya da ke gefenta. Mutum ɗaya, in ya yi tsawon rai, damina 60 ko 70 zai shaida da wayonsa. Sannan ranar da aka kai shi makwanci, ajiyar ta tafi tare da shi, sai ɗan abin da ya saura a bakin jikoki.

Da rubutacciyar ƙidaya ta zo, ba ta zo da fuskar alheri ba. Ta zo ne da haraji da jangali. Wanda ya iso gari da takarda da alƙalami yana tambayar maza nawa ne a gidan nan, shanu nawa ne a rugar nan, an san abin da zai biyo bayansa. Saboda haka aka koyi ɓoye kai da ɓoye dabba. Bayan samun mulkin kai kuma abin ya juye, lamba ta zama hanyar samun kujeru da kason kuɗi, sai aka koyi ƙari. Ƙidayar 1962 da ta 1963 sun jawo rikici, ta 1973 soke ta aka yi. Tsararraki biyu ko uku suka tashi da fahimtar cewa lamba abu ce da ake faɗa wa hukuma gwargwadon abin da ake tsoro ko ake kwaɗayi. Wannan gado yana nan a jikinmu, kuma injiniya ne ke fara biyan kuɗinsa.

Ga misali a fili. Ƙidayar ƙarshe da aka yi a Nijeriya ita ce ta 2006, wadda ta ba ƙaramar hukumar Boɗinga mutum kusan 175,000, Shagari kuma kusan 156,000. A ce yau an ba matashin injiniya aikin tsara ruwan sha na Boɗinga. Dole ya ɗauki lambar 2006 ya hauhawar da ita. In ya ɗauka jama'a na ƙaruwa da kashi 2.5 cikin 100 a shekara, bayan shekara 20 zai sami kusan 287,000. In ya ɗauki kashi 3.2, zai sami kusan 329,000. Bambancin ya haura mutum 40,000, kuma in kowa zai sami lita 30 a rana, ana maganar lita fiye da miliyan 1.2 ke nan kullum. Ɗalibin da ya fahimci darasinsa ba zai miƙa lamba ɗaya tilo kamar wahayi ba. Zai ce tsakanin kaza da kaza ne, ga dalilina, ga kuma inda na bar sarari don ƙari.

Farin 1973 shi ya buɗe zamanin manyan madatsun ruwa a ƙasar Sakkwato. A shekarar aka kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Aka kammala dam ɗin Bakolori kusa da Talatar Mafara a 1978, wanda ke ɗaukar ruwa mita kubik miliyan 450. Na Goronyo ya biyo baya a 1984, da miliyan 942. Alhaji Shehu Shagari, ɗan wannan ƙasa, yana kan mulki daga 1979 zuwa 1983, da shirinsa na bunƙasa noma, kuma fatan kowa a lokacin shi ne a daina dogaro da damina kaɗai. Daga baya garin Shagari ma ya sami nasa ƙaramin dam da filin noman rani. Ba na cikin masu cewa da ba a yi su ba ya fi. Wanda ya ga albasa da tumatir da shinkafar rani da ake fitarwa daga waɗannan wurare ba zai faɗi haka ba. Sai dai a Bakolori an lissafa kadadar da za a shayar, ba a ba kadadar fadama da ke ƙasa da dam ɗin, wadda rayuwarta ta dogara da ambaliyar kowace shekara, nauyin da ya kamace ta ba. Masu shinkafa da masunta na can ƙasa sun ji a jikinsu, kamar yadda manoman da aka tasa daga gonakinsu suka ji, har aka kai ga zubar da jini a Afrilun 1980.

Akwai kuma wata matsala da ta fi wannan ɓoyuwa. Duk wanda zai gina dam yana buƙatar tarihin kogin: nawa ya kawo bara, nawa bara waccan, har iya inda rubutu ya kai. To a yankin Sahel shekarun 1950 na yalwar ruwa ne ƙwarai, na 1960 ma da sauƙi. Daga ƙarshensu ne ruwa ya ja baya, ya kuma zauna a ja har cikin shekarun 1980. Wanda ya auna koginmu shekara 15 cikin zamanin yalwa zai rantse kogi ne mai albarka. Wanda ya auna shi shekara 15 cikin zamanin fari zai ce ƙaramin kwalbati ma ya isa. Dukansu ba su yi ƙarya ba, kuma dukansu za su gina abin da bai dace ba.

Wani Baturen Ingila mai suna Harold Hurst, wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana nazarin kogin Nilu a Masar, shi ya fito da wannan a fili. Ya yi sa'ar samun abin da mu ba mu da shi. A tsibirin Rauda da ke Alƙahira akwai ma'aunin kogi, wanda gininsa na yanzu ya samo asali tun shekarar 861, zamanin Halifa Mutawakkil, kuma Musulmin Masar sun riƙa rubuta iyakar cikar Nilu shekara bayan shekara, ɗaruruwan shekaru. Da Hurst ya bi wannan dogon lissafi, sai ya wallafa a 1951 cewa shekarun yalwa suna zuwa ne a jere, na ƙunci ma a jere, fiye da yadda za a zata in da kowace shekara cin gashin kanta take yi. Saboda haka tafkin da za a gina dole ya fi girman wanda lissafi mai sauƙi ke nunawa. A 1968 wasu masana biyu, Mandelbrot da Wallis, suka raɗa wa wannan ɗabi'a sunan Annabi Yusuf, saboda shekaru bakwai na yalwa da bakwai na ƙunci, suka kuma raɗa wa ruwan da ke zuwa farat ɗaya fiye da duk abin da aka saba sunan Annabi Nuhu. Ina mamakin yadda ake koyar da wannan fanni a Sakkwato ba tare da an fara daga nan ba, alhali duk yaron da ya yi makarantar allo ya san ƙissoshin biyu.

Mun ga dukansu da idonmu a dam guda. A Satumban 2010 ruwan Rima ya yi cikar da ta shafe ƙauyuka da gonaki daga Goronyo zuwa ƙasa, ya yanke hanyar da ke kaiwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, har karatu ya tsaya. Ba a cika shekara takwas ba, a farkon 2018, jami'an Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima suka bayyana cewa ruwan dam ɗin Goronyo ya koma kusan kashi 10 cikin 100 na abin da yake ɗauka, birnin Sakkwato ya shiga fargabar ƙishirwa.

Bayan kowace babbar ambaliya akan ji ana cewa irin wannan sau ɗaya take zuwa a shekara 100. Mutane kuma sai su saki jiki, a zatonsu sun biya bashin ƙarni guda. Wannan ita ce fahimtar da ta fi kowace haɗari, kuma gyara ta shi ne abu na farko da darasin nan ya kamata ya yi. Abin da maganar ke nufi shi ne, a kowace damina akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100 a ga ruwa mai wannan girma ko fiye, ko da an gan shi bara. In ka gina gida a inda irin wannan ruwa ke kaiwa ka zauna shekara 30, yiwuwar ya same ka aƙalla sau ɗaya ta kai kashi 26 cikin 100, wato fiye da ɗaya cikin huɗu. A shekara 50 ta kusa kashi 40. Kwalbatin da aka tsara don ruwan shekara 25 kuwa, cikin shekara 10 kacal yiwuwar ruwa ya fi ƙarfinsa ta kai ɗaya cikin uku. Lissafin bai fi layi biyu a allo ba: ka ɗauki yiwuwar tsira a shekara ɗaya, ka ninka ta da kanta sau adadin shekarun, ka cire daga ɗaya. Mutanen Maiduguri sun ga ambaliyar dam ɗin Alau a 1994, suka sake ganinta a Satumban 2024.

Lissafi ba ya zaɓa wa al'umma irin haɗarin da za ta ɗauka. Bayan ambaliyar teku ta 1953 da ta kashe mutum sama da 1,800 a Holan, hukumomin ƙasar sun zauna suka yanke cewa katangun da ke kare yankinsu mafi cunkoso za su jure ruwan da yiwuwarsa ɗaya ce cikin 10,000 a shekara. Sun san tsadarsa, suka amince. Mu ba mu da kuɗin Holan, ba kuma na cewa a yi wa kowane rafi irin wannan. Abin da nake so shi ne, idan an zo gina gada a Kajiji ko Dandin Mahe ko Dingyadi, injiniya ya iya tsayawa gaban hakimi da dattawa ya ce da Hausa: wannan gadar an tsara ta ne don ruwa kaza, yiwuwar a wuce shi cikin shekara 20 kaza ce, in ana son ƙari ga kuɗinsa. Jama'a suna da haƙƙin sanin wannan.

Sai maganar matsakaici, wanda ɗalibai suka fi so saboda sauƙinsa. Ruwan shekara a yankin Sakkwato yakan tsaya tsakanin milimita 600 da 700 a matsakaici. Amma matsakaici bai taɓa karya gada ba. A ɗauki damina biyu, kowace ta ba da milimita 650. Ta farko ta rarraba shi daga Yuni zuwa Satumba, gero ya sha ya ƙoshi. Ta biyu ta yi fashin mako uku a Yuli, sannan cikin malka ta sauke milimita 100 a dare ɗaya. A takarda ɗaya suke. A ƙasa, ta biyun ta ƙone shuka ta kuma rushe gidajen laka. Milimita ɗaya na nufin lita ɗaya a kan kowace murabba'in mita, don haka wancan dare guda ya zuba lita miliyan ɗaya a kan kowace kadada. Kuma irin wannan dare yana ƙaruwa. Wani bincike da Christopher Taylor da abokan aikinsa suka wallafa a 2017, bisa hotunan tauraron ɗan'adam, ya nuna cewa manyan hadura masu tsanani a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Ga shi kuma inda da ƙasa ke shanye ruwa yanzu kwanon rufi ne da daɓen siminti. Jadawalin ruwa da aka haɗa a shekarun fari bai dace a ci gaba da tsara kwalbati da shi ba.

Gini ma ya sauya. Kakanninmu da tubali da laka suka yi gini, magini kuma ya san ƙasarsa da hannu, ya san kuma kowace shekara za a yi yaɓe kafin damina. Tun da masana'antar siminti ta Kalambaina ta fara aiki a 1967, sannu a hankali bulo ya kori tubali, har yau da wuya ka shiga gari a Boɗinga ko Shagari ba ka ga wurin buga bulo a bakin hanya ba. Bulo da kankare kuwa ido ba ya gane ƙarfinsu. Kankare sai an ɗebi samfurinsa, an zuba a ƙaramin akwati mai faɗin milimita 150, an jira kwana 28, an matse shi a inji har ya fashe. To wane samfur? Mai sayen gero a kasuwa ba ya yarda da abin da ke bakin buhu, sai ya cusa hannu can ciki, ya kuma buɗe buhun da shi ya zaɓa, ba wanda mai kaya ya tura masa ba. Abin da littafi ke nufi da ɗibar samfur ba tare da son rai ba ke nan. Amma na sha ganin wurin aiki inda ake dama kwaɓi na musamman, mai yawan siminti, domin akwatunan gwaji kawai, sauran ginin kuma a ci gaba da yadda aka saba. Takardar sakamako ta fito fes, matashin injiniya ya sa hannu.

Akwai abin da darasin ke koyarwa a nan wanda zai amfani har mai kuɗin ginin. Idan aka ce kankare mai lamba 25, ana nufin kada fiye da 5 cikin 100 na gwaje-gwaje su faɗi ƙasa da 25. Don haka ba 25 ake nufa wajen kwaɓi ba, sai an ɗaga sama gwargwadon yadda sakamako ke warwatsuwa. Ƙa'idar ita ce a ninka tazarar warwatsuwar da 1.64 a ƙara a kai. Wurin aikin da ake auna yashi da tsakuwa da kwanon sarki iri ɗaya, ake kuma kula da ruwan kwaɓi, tazararsa na iya zama 4, sai ya nufi kusan 32. Wurin da wannan lebura ke cika baro ya yi tozo, wancan ya kawo rabi, ana tuttula ruwa da ka, tazarar na iya kaiwa 8, sai ya nufi 38 kafin ya sami amincin da na farko ya samu. Bambancin nan buhunan siminti ne. Injiniyan da ya gane haka zai iya cewa, “Alhaji, ka bar ni in daidaita awo, zan rage maka siminti ba tare da na rage ƙarfin ginin ba.”

Abin da ya fi yi mini nauyi a zuciya shi ne na jirgin ruwa. A Afrilun 2022, cikin azumi, kwale-kwale ya kife a ruwan Shagari da mutanen ƙauyen Gidan Magana, mutum 29 suka rasu, akasarinsu yara da matasa da suka fita neman itace. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri. Ba na ɗora wa kowa laifi, ban kuma kawo wannan don in mai da rasuwar 'ya'yan mutane darasin allo ba. Na kawo shi ne saboda maganar da ake ji a kowane mashigi a ƙasar nan idan aka yi ƙorafin lodi: kullum haka muke yi, lafiya lau. A ƙaddara, don misali kawai, cewa jirgin da aka cika fiye da kima yana tsallakewa lafiya sau 999 cikin 1,000. Kowa zai ce ai wannan aminci ne. Amma in yana zuwa ya dawo kullum, tsallake 730 ke nan a shekara, kuma yiwuwar ya kife aƙalla sau ɗaya cikin shekarar ta ɗan haura rabi. Dam yana kawo ruwa mai zurfi inda da ake takawa da ƙafa, don haka wanda ya tsara dam ya kamata ya tsara mashigi, da adadin mutanen da jirgi zai ɗauka, da rigunan kariya, a cikin aikin tun farko.

Me ya sa darasin bai shiga zukatan ɗalibanmu ba? Wani ɓangare na amsar yana cikin misalan. Littattafan da ake amfani da su cike suke da karta da ɗan lido da jefa kwabo, saboda a Turai fannin ya taso ne daga wasiƙun da Pascal da Fermat suka yi wa juna a 1654 kan yadda za a raba kuɗin caca idan wasa ya tsaya bai ƙare ba. Yaron da ya tashi a gidan da ko karta ba a bari ta shiga, ranar farko an sa masa shinge. Ga kuma wani abu da ba a faɗa a aji amma yana nan a ƙirji: anya lissafin abin da zai faru ba shisshigi ba ne a gaibu? Wannan tambaya ta cancanci amsa ta mutunci. Injiniya ba ya da'awar sanin ranar da ruwa zai sauka ko inda zai sauka, wannan na Allah ne. Abin da yake yi shi ne ƙirga abin da Allah Ya riga Ya saukar a shekarun baya, ya yi tanadi gwargwadonsa. Annabi Yusuf tanadi ya yi. Sayyidina Umar, da ya ji annoba ta ɓarke a Sham, juyawa ya yi da jama'arsa, ya kuma bayyana cewa juyawar ma cikin ƙaddara take. Tun ƙarni na tara kuwa Alkindi a Bagadaza ya nuna yadda ake warware rubutun sirri ta hanyar ƙirga yawan fitowar kowane harafi, wanda ƙididdiga ce tsantsa. Fannin nan ba baƙo ba ne a gidanmu.

Shehu Shagari, kafin siyasa, malamin kimiyya ne a Midil ta Sakkwato, kuma ya tsara Waƙar Nijeriya ne don yara su san ƙasarsu da harshen da suke mafarki da shi. Irin wannan tunani nake nema ga malaman da ke koyar da ƙididdiga a Jami'ar Ɗanfodiyo, da Kwalejin Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, da jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero. A ba ɗalibi ruwan Sakkwato na shekara 30 ya fitar da na shekara 25 da kansa. A tura shi wuraren buga bulo biyar ya sayo goma goma ya fasa a ɗakin gwaji, ya ga warwatsuwa da idonsa. A sa shi ya bi rijiyoyin burtsatse na mazaɓa guda ya rubuta zurfin kowace, da shekarar da aka haƙa ta, da ko tana aiki.

A nan ne kuma sauyin zamani ya zo mana a karkace. Waɗanda suka yi karatun injiniya a Zariya da Kaduna a shekarun 1970 da ɗan littafin jadawalin lambobi suka yi fama, lissafin da ke cin yini guda. Yau yaro da Excel, ko ma da wayar hannunsa, zai gama shi kafin shayi ya huce. Lissafi ya yi arha, abin da za a lissafa ne ya yi tsada. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina kowace shekara, hukumar kula da koguna tana fitar da na ambaliya, tauraron ɗan'adam yana ƙiyasta ruwa daga sama. Duk suna da amfani. Amma hadarin ƙasar nan yana iya jiƙa Sifawa sharkaf ya bar Tulluwa da ƙura, kuma ƙiyasin sama sai an gwada shi da awon ƙasa kafin a san gaskiyarsa. Tsofaffin da ke nuna jikin tsamiya suna ƙarewa, ba mu kuma maye gurbinsu da littafi a kowane gari ba. Masana yanayi na duniya suna ɗaukar shekara 30 a matsayin tsawon awon da ake kafa hukunci a kai. In an fara bana, yaron da ke aji ɗaya a sakandare yanzu zai kai shekara 40 da 'yan kai kafin lissafin ya cika.

Saboda haka kirana ga shugabannin ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari da shugabannin makarantun sakandare na yankin ne. Ma'aunin ruwan sama mazurari ne da kwalba mai zane, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. A kafa ɗaya a fili a kowace makaranta, nesa da itace da rufin aji, a damƙa shi ga malamin lissafi ko na labarin ƙasa, a kuma sami wanda zai kula da shi lokacin hutun Agusta, don a nan ne ruwan ya fi yawa. A shafa fenti a ƙafar kowace gada, a riƙa rubuta inda ruwa ya kai da kwanan wata. Ɗaliban injiniya 'yan asalin yankin kuma, idan kun zo hutu, ku zauna da kakanninku tun suna raye, ku tambaye su shekarun babban ruwa da na fari, ku je ku auna tsayin wurin da suka nuna, ku rubuta. Ma'aunin makaranta a riƙa karanta shi kowace safiya a lokaci ɗaya, a littafi mai bango mai ƙarfi, a ajiye kwafi a sakatariya. Ranar da ba a yi ruwa ba ma kada a bar layin fayau, a rubuta sifili.